Kwalin Ƙafar Baba

Babanmu mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagonsa ya fi sanin ƙafarsa a kan fuskarsa. Da zarar ya danna maka kai ƙasa zai gyara ƙeya, ba abin da za ka gani sai ita, shimfiɗe a kan siminti, ga tsawo ga faɗi, babu ko alamar ɗan ramin nan da kowa yake da shi a tsakiyar tafin ƙafa. In ya fito daga wanka ya taka tsakar gida, sawun da yake bari cikakke ne, kamar an ajiye faranti an ɗauke. Abokansa tun na yarinta Kwale-kwale suke ce masa. Yakan yi dariya in sun faɗa, amma ni da nake autarsa na san dariyar ba ta wuce haƙoransa.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba a shagon takalmi ba. Labarin da muka taso muka ji shi ne, yana saurayi ya je sayen takalmi, mai shagon ya leƙa ƙasa, ya bar shi nan tsaye ya fita ya kirawo maƙwabtansa su zo su ga ikon Allah. Daga ranar Baba ya yi sallama da layin masu takalma. Ko hanya ce ta biyo da shi ta nan, gara ya zagaya ta wajen masu kifi ya sha ƙarni.

Saboda haka a gidanmu kwali ne yake zuwa kasuwa a madadinsa. Umma ce ta yi shi tun tana amarya. Ta zaunar da ango a bakin gado, ta ɗora ƙafarsa a kan kwalin sabulu, ta zagaye ta da jagirarta, ta yanke da almakashi. Shekara talatin da ɗoriya kwalin nan yana cikin leda a ƙarƙashin katifarta, tare da abubuwan da ba a taɓawa. In gefensa ya fara tsufa yana sakin zare, sai ta fito da shi ta ɗan gyara bakin da almakashi ya koma sumul. In Baba yana bukatar takalmi, ta sa kwalin a jaka, ta ja ni, mu bi shaguna. Ta zura shi a cikin takalmi, in ya kwanta lafiya bai tanƙware ba, to ciniki ya faɗa. Umma tana alfahari da wannan dabarar ba kaɗan ba. Sau nawa na ji tana gaya wa maƙwabta cewa ita ta san ƙafar mijinta fiye da shi kansa.

Baba kuwa kullum sai ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya yaba launi. Kafin a yi nisa ya take bayan takalmin ya mai da shi silifas. Umma ta yi ta faɗa, wai bai san darajar kaya ba, shi kuma ya ce iska ce ƙafarsa take so. A shago ma wani tsohon silifas yake sawa, dunduniyarsa tana leƙowa ta baya. Mu dai mun ɗauka halinsa ne, kamar yadda yake zuba sukari a shayi sai cokali ya kusa tsayawa.

Sukarin nan ne ya kai mu gaban likita. Baba ya fara yawan ƙishirwa da kasala, ya riƙa zama tsakanin kai da kai, abin da bai taɓa yi ba. Ni na raka shi asibiti, don Umma ta ce in ya je shi kaɗai zai dawo ya ce an ce lafiyarsa lau. Likitar wata mace ce mai magana a hankali. Ta duba sakamakon gwaji, ta ce suga ya hau sosai. Ta rubuta ƙwayoyi, ta hana shi shayinsa, ta ce kuma dole ya riƙa tafiya kowace safiya, tafiya ta gaske har ya yi gumi, da takalmi mai rufi wanda ba ya matsa, domin mai suga ba a so ya ji rauni a ƙafa. Baba yana ta gyaɗa kai irin na wanda ba zai yi ba. Da alama ta san irinsu, don sai ta ƙara da cewa in ya dawo suga bai sauka ba, za a koma allura, kullum, a ciki.

Ya kamata ku san Baba. Mutum ne da in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu, kuma ya wuni da reza a hannu yana bin maƙogwaron mutane. Amma ranar da aka yi mini rigakafi ina ƙarama, shi aka yi wa fifita a baranda. Da likita ta ambaci allura na ga gumi ya tsatso masa a goshi. A hanya, da muka kusa gida, sai ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko kullum ɗin da ta ce har da ranar hutu.

Washegari Umma ta ɗaga katifa. Muka je kasuwa muka dawo da takalmin kambas baƙi mai farin tambari, kwali ya shiga ya kwanta a ciki kamar don shi aka yi. Baba ya karɓa da hannu biyu ya sa albarka.

Safiyar farko ya fita da ƙarfinsa, muna bakin ƙofa muna yi masa kirari. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya dawo, wai wani kare ya tare hanya. Kashegari hadari ne ya haɗo, ko da yake mu ba mu ga ko gajimare ba. Daga nan gwiwa, daga nan wani da ya yi alkawarin zuwa aski da sassafe. Da Umma ta matsa, sai ya koma fita yana daɗewa, ya dawo yana share fuska da hankici, mu kuma muna ta murna. Ana haka wata safiya na fita da wuri zuwa shagon da nake aikin buga takardu, na bi ta bayan layinmu don in yanke hanya, sai ga Baba zaune a kan bencin mai gyaran keke, ya tuɓe kambas ya ajiye a gefe, yana ba yatsunsa iska, suna ta hirar ƙwallo.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni ce nake ƙirga masa ƙwayoyi, ni ce na ɓoye gwangwanin sukari a bayan tukwane, ashe shi yana nan yana sauraron wa ya ci wa. Na gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan na tambaye shi ko nan ne likita ta ce ya riƙa zuwa. Ya ce hutawa ya tsaya yi. Yana faɗa yana jan ƙafarsa zuwa ƙarƙashin benci, amma na riga na ga ɗan yatsansa na gefe ya yi ja, ya tasa kamar zai yi ruwa. Na tuna abin da likita ta ce a kan rauni, sai fushin ya koma tsoro.

Na yanke wa kaina cewa arha ce ta jawo. Da na tashi aiki na tafi babban shagon nan mai gilashi, inda ake jera takalma ɗai-ɗai a kan katako da fitila a ƙarƙashinsu. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya yi mini bayani mai tsawo a kan iska da aka ɗura a dunduniya. Na juya takardar farashi, na mai da ita yadda take a hankali, don kuɗin ya isa hayar shagon Baba na watanni. Da na nuna masa girman da nake nema da hannuwana, sai ya ce ai ko ina da kuɗin ma, lambarsu ba ta kai can ba. Na gwada saye ta waya. A hoto takalmin kamar zai tashi sama. Da ya iso, na murɗa shi da hannu ɗaya ya naɗe kamar tsumma, ga shi siriri kamar na 'yan rawa. Mayar da shi ma sai da na yi sati ina rigima da wata murya a waya.

Direba ne ya ba mu labarin matar. Direba abokin Baba ne, kusan kullum yana shagon ko da ba shi da gashin da za a aske. Ya ce a ƙarshen layin masu takalma, wajen 'yan gwanjo, akwai wata mata da take tara manyan lambobi, masu gadi da 'yan dako duk wurinta suke zuwa, kuma ba ta tsawwalawa.

Muka je ni da Umma da kwali. Shagon ɗan ƙarami ne, takalma har rufi, an ɗaure su bibbiyu da igiyoyinsu. A saman ƙofa an rataye wasu ƙattin kambas ruwan lemo, irin launin da ko makaho zai ji zafinsa, su ne alamar shagon. Matar tana zaune a kan buhu tana wanke tafin wani takalmi da tsohon buroshin haƙori, tabarau a kan hanci. Umma ta zare kwali daga leda cikin isa ta miƙa mata. Matar ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta tambayi ko mai ƙafar yana da rai. Umma ta ce yana nan garau. Ta tambayi ko yana kurkuku. Umma ta ce Allah ya kiyaye.

"To ki kawo shi, Hajiya," in ji ta, tana miƙo kwalin. "Ni ba na sayar wa kwali takalmi. Kwali ba ya ɗaukar nauyin mutum, ba ya kumbura, in an matse shi ba ya cewa wash."

Ta ƙara da cewa a kawo shi da yamma bayan ya wuni a tsaye, lokacin ƙafa ta gama buɗewa, kuma ya zo da safar da zai riƙa sawa. Umma ta mai da kwalinta cikin leda. Sai da muka fito layin ta fara, wai shekara talatin tana sayen takalmi ba wanda ya taɓa raina mata kwali sai wannan mai buroshin. Ta yi mitar har gida. Amma da na gaya mata zancen ɗan yatsan da na gani, sai mitar ta tsaya.

Baba ya ce ba inda za shi. Ya ce shi da layin masu takalma sai dai a lahira. Na roƙa, na yi fushi, na kira babban yayanmu a waya ya yi masa magana, duk a banza. Umma ba ta sa baki ba. Ranar da ta je karɓo masa magani, ashe ta tsaya wurin wata nas ta ce a koya mata yadda ake yin allurar, tun da dai ga inda aka dosa. Nas ta ba ta sirinji marar magani ta ce ta riƙa gwadawa a jikin lemo har hannunta ya faɗa.

Da Baba ya dawo cin abincin rana, sai ya tarar da ita zaune a tabarma daidai inda yake zama, da lemo a faranti. Ta yi masa sannu da zuwa, ta ɗaga sirinji ta duba shi a haske, ta ɗan ƙyasta shi da farce yadda ta ga ana yi, ta caka wa lemon. Ta zare, ta ce ba ta shiga daidai ba, ta sake cakawa. Tana yi tana ba ni labari, wai nas ta ce fatar ciki ta fi ta lemo tauri, sai an ɗan sa ƙarfi. Baba ya kai loma baki ya kasa haɗiyewa. A caka ta huɗu ko ta biyar ya ajiye cokali ya tambaye ni ƙarfe nawa matar take rufe shago.

Ya kafa sharuɗɗa. Sai kasuwa ta fara watsewa, kuma ta baya za a shiga, kuma in matar ta kira ko mutum ɗaya ya zo kallo, zai tafi ba zai waiwayo ba. Haka muka bi ta lungun masu buhuna, Baba yana gaba da hula har gira kamar wanda ake nema, Umma tana biye da jakarta. Na san kwalin yana ciki, don na ga lokacin da ta ɗaga katifa.

Matar ta gaishe shi kamar kowa. Ta ture wasu takalma ta ba shi benci, ta ce ya tuɓe. Baba ya zare silifas a hankali yana kallon rufi. Ni kuma ina kallon fuskar matar, na shirya tsaf, in ta yi ko murmushi ne za ta ji bakina. Ta leƙa ta saman tabarau, ta ce ai ta ga waɗanda suka fi wannan, akwai wani mai gadin banki da sai ta yi masa oda ta musamman. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma na ga kafaɗun Baba sun sauka.

Ta yaga gefen wani babban kwali ta shimfiɗa a ƙasa, ta jawo bokitin da take wanki, ta ce ya tsoma ƙafafunsa ya taka, ya tsaya sosai ya saki nauyinsa duka. Ya taka ya ɗaga. Sawu biyu suka fito, cikakku, ba rami ba lanƙwasa, na dama ma ya ɗan fi na hagu. Matar ta ce irin wannan ƙafar ba tsada take so ba, wuri take so: gaba mai faɗi inda yatsu za su baje, tafi mai ƙarfi wanda ba ya murɗewa, baya mai tauri da zai riƙe dunduniya kada ta kwanta ciki. Tana faɗa tana kama takalma tana murɗa su kamar mai matse wanki, wanda ya naɗe ta jefar gefe.

A nan ne Umma ta ga damarta ta zo. Ta buɗe jaka, ta zaro kwalinta, ta durƙusa ta ɗora shi a kan jiƙaƙƙen sawun, don ta nuna wa mai buroshi cewa aikin banza ta sa mutane.

Sawun ya leƙo ta ko'ina. Ta gefe ya fi kwalin da faɗin yatsa biyu, ta gaba kuwa duk kawunan yatsun Baba suna waje. Umma ta gyara shi, ta matsa shi sama, dunduniya ta fito. Ta juya shi ta ɗora a ɗaya sawun, abin ya ƙara muni. Ta daɗe a durƙushe. Matar ta ce a hankali, ƙafa irin wannan takan ƙara bajewa da shekaru, kuma wanda aka auna a zaune ba ɗaya yake da wanda aka auna a tsaye ba. Ni kuma na tuna almakashin da ake gyara baki da shi duk shekara, amma na kama bakina.

Umma ta ɗago ta dubi Baba. "Malam, duk takalman da na saya maka, matse ka suke yi?"

Baba ya sosa ƙeya. Ya ce ba sosai ba. Ta ci gaba da kallonsa. Ya ce to, da ɗan dama. Ta ce tun yaushe, tun da ƙafar ta baje? Ya dubi ni, ya dubi matar, ya ga ba wurin gudu.

"Tun na farko," ya ce. "Ranar da kika zana, na naɗe yatsuna. Kina amarya, kin durƙusa a gabana da jagira, na ce in kika ga girmanta duka za ki tsorata."

Matar ta juya baya ta shiga neman wani abu a cikin buhu, kafaɗunta suna rawa. Ni dariya da kuka suka taso mini tare, na rasa wanda zan fara. Umma ta tambaye shi me ya hana shi faɗa daga baya, shekara talatin, yana da baki yana ba mutane labari daga safe har yamma.

"Kina murna da shi," in ji Baba. "Kuma ni na ɗauka haka takalmi yake, kowa haƙuri yake yi."

Umma ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Idonta ya cika, amma faɗa ta kama, don ita haka take kuka. Ta ce ita ya mayar abar dariya, tana yawo kasuwa-kasuwa da ƙaryar ƙafa a jaka, tana cika baki a gaban maƙwabta. Ta ce duk faɗan da ta yi a kan take bayan takalmi yana wuyansa. Ta jefa kwalin a kwandon shara na shagon, ta zauna a ƙarshen benci ta juya masa ƙeya.

Aka shiga gwaji. Na farko ya shiga amma ya matse gefe. Na biyu ya yi faɗi, sai dai babban yatsa yana taɓa gaba, matar ta ce sai an sami wurin da babban yatsan hannu zai kwanta tsakanin yatsa da bakin takalmi. Na uku dunduniya tana fita in ya ɗaga. Duk wanda aka sa masa, Baba sai ya ce ya yi, ya yi kyau, a bar wahala haka. Umma ba ta juyo ba ta ce kada a saurare shi, mutumin da ya yi shekara talatin yana cewa ya yi. Daga nan matar ta daina tambayarsa, ta koma latsa takalmin da hannu tana kallon fuskarsa.

Buhu ya ƙare. Matar ta tsaya ta riƙe ƙugu tana tunani, sannan ta ɗauki sanda mai ƙugiya ta fita bakin ƙofa. Sai ga ta da kambas ɗin nan ruwan lemo, alamar shago. Sababbi ne, ba a taɓa sa su ba. Ta ce sun zo cikin wata dilar gwanjo tun da daɗewa, lamba arba'in da takwas mai faɗi, ba wanda ƙafarsa ta cika su, waɗanda suka kusa kuma launin ya kore su. Na hagun ma rana ta ci shi ya koɗe, ya zama kamar ƙanen na daman. Baba ya ce shi da girmansa ba zai sa wannan ba, yara za su bi shi. Umma ta buɗe jaka kamar mai neman wani abu, lemon ya leƙo. Baba ya miƙa ƙafa.

Matar ta kakkaɓe ƙura, ta sassauta igiya har ƙasa, ya zura da safarsa, ta ɗaure. Ta ce ya tashi ya je ƙarshen layi ya dawo. Ya tashi ya yi taku biyu ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Na ga gaban takalmin yana motsi, ashe yatsunsa yake wasa da su a ciki. Ya ƙara taku, ya sake tsayawa, ya juyo yana kallonmu da fuskar da ban taɓa gani a wurinsa ba, kamar yaron da aka ba abin da bai roƙa ba.

"Auta," ya ce, "babu abin da yake cizona."

Sai ya tafi. Ya bi layin masu takalma ta tsakiya, layin da ya yi shekaru yana zagayewa, masu rufe shaguna suna ɗagowa suna kallon lemo biyu suna wucewa. Wani ya ce a gaishe da ɗan wasa, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya kai ƙarshe bai juyo ba, ya sha kwana ya ɓace. Muka zauna muna jira har matar ta fara tambaya cikin raha ko dama haka muke yi wa 'yan kasuwa. Can sai ga shi ta ɗaya ɓangaren, ya zagayo ta wajen masu kifi, yana haki yana dariya.

Kuɗin da ta faɗa bai kai wanda na yi asara wajen mayar da na waya ba. Ta ce rangwamen na koɗewar hagu ne, kuma dama ta gaji da sauke su in hadari ya taso. Duk da haka sai da Umma ta taya, don a ganinta biyan farashin farko zubar da mutunci ne.

Tun daga nan unguwa ta sami abin kallo da safe. Direba ya ce yanzu Kwale-kwale ya sami fenti, Baba ya yi dariya, wannan karon har cikinsa. Mai gyaran keke ya yi ƙorafin an daina zama a bencinsa. Umma da ta ce ba ta ƙara yarda da maganarsa, sai ta koma wurin mai buroshi ta sayo nata kambas, ta riƙa bin sa a baya wai don ta tabbatar. Yanzu tare suke fita, tana gaba yana baya, suna musu a kan wanda yake jan wani.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, Baba ya sa lemonsa ya tafi, ni ina gefe. Likita ta duba takarda, ta duba ƙafarsa yatsa-yatsa, ta ce suga ya sauko, ba a kai inda ake so ba amma an kama hanya, a ci gaba da ƙwayoyi da tafiya. Baba ya tambayi zancen allura a fakaice, bai ko iya kiran sunanta ba. Ta ce a bar ta tukuna. A bakin asibiti ya sayi lemo ya ɓare ya ba ni rabi, ya ce wannan dai ya tsira.

Da yammar ranar ina shara a ɗakinsu, na ɗaga matashin Baba, sai ga tsohon kwalin, da ɗan tabon ruwan wanki a gefe. Ashe ya tsince shi daga kwandon shara ya sa a aljihu ba wanda ya gani. Na kai wa Umma. Ta juya shi a hannunta, ta ce tsohon nan ba ya jin magana, ta mai da shi cikin ledarsa ta tura ƙarƙashin katifa inda yake.

Sannan ta yago murfin wani kwali, ta ɗauko jagirarta, ta fito tsakar gida. Baba ya dawo daga shago ke nan ya zauna yana tuɓe takalmi. Ta ce ya tashi tsaye. Ya ce ai yanzu da kansa yake zuwa, me za a yi da kwali kuma. Ta ce ba na kasuwa ba ne, nata ne. Ya taka, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta fara zagayowa daga dunduniya. Da ta iso gaba sai ta tsaya, ta ɗan doki bayan ƙafar da jagirar.

"Saki yatsun, Malam," ta ce. "Ai na riga na aure ka."